Farin da Ba a Rina Ba: Daga Katakon Japan Zuwa Dilolin Kantin Kwari

Macen da ta san atamfa ba ta tsayawa a kyan zane kaɗai. Idan yaron shago a Layin Ta'ambu ya warware mata turmi, sai ta juya shi ta ga ko ciki da bai ɗaya suke, ta murza gefe ta ji jikin auduga, ta karanta rubutun da ke baki, sannan ta kai ido kusa tana neman inda ja ko ruwan ɗorawa ya ɗan tsallake layinsa ya hau kan shuɗi. Wanda bai sani ba zai ce aibi ne. A wajen tsofaffin 'yan Kwari kuwa shaidar asali ce, domin shekara da shekaru launukan Holan da hannu ake ɗora su. Ma'aikaci ya ɗauki katakon da aka yanka masa siffar fure ko ganye, ya dangwala a rini, ya danna a kan yadi, ya matsa gaba ya sake. Hannun ɗan Adam ba ya sauka wuri guda sau dubu. Kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond na ƙasar Holan a 1846, bai ajiye wannan bugun hannu ba sai a 1993.

Wannan katako mai ɗaukar rini yana da wani tarihi a can Gabas mai nisa, inda ba a kan yadi ya yi suna ba, a kan takarda. Daga cikin abin da Japan ta bar wa duniya akwai hotunan bugun katako, waɗanda suke kira ukiyo-e, kuma daga cikinsu akwai wani rukuni da masu tara hotuna ke nema ruwa a jallo: wuraren ibada da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. Jar ƙofa, farin rufi, mutum ɗaya ko biyu a ƙarƙashin lema. Bakano bai san dusar ƙanƙara ba, sai ko wanda fatauci ko karatu ya kai shi ƙasashen sanyi, kuma waɗannan wurare ba na addininsa ba ne. Amma yadda aka yi hotunan, da wanda ya zuba kuɗinsa, da yadda sana'ar ta kusa mutuwa ta farfaɗo, labari ne da ɗan Kwari zai gane tun kafin a kai ƙarshensa.

Hajar kasuwa ce tun asali

Edo, wato Tokyo ta yau, ta kai mutum kusan miliyan ɗaya a ƙarni na 18. Dokar masu mulki na gidan Tokugawa ta tilasta wa sarakunan larduna su riƙa zuwa su zauna a birnin shekara guda, su koma gida shekara guda, da fadawansu da barorinsu. Duk mai komawa yana neman tsaraba, kuma ba abin da ya fi hoto sauƙin ɗauka. Ba a gidan tarihi ake samunsa ba a lokacin. A shago ake rataye shi, farashinsa bai fi na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba. A 1842 ma hukuma ta ƙayyade cewa kada hoto guda ya wuce mon 16, daidai kuɗin kwanon taliyar soba, ta kuma taƙaita yawan launukan da za a sa.

Mutum huɗu ne ke fitar da hoto, ko da yake sunan ɗaya kawai duniya ta riƙe. Akwai mai zane, akwai masassaƙi, akwai mabugi, sai kuma mai shago, wanda shi ne uban tafiya. Shi ke hango abin da kasuwa ke so, ya kira mai zane ya ba shi aiki, ya biya masassaƙi da mabugi, ya kai zanen wurin jami'an tacewa su buga masa hatimi, ya ɗauki riba ko asara. Katakon da aka sassaƙa nasa ne, ba na mai zane ba, yana iya sake bugu da shi ko ya sayar wa wani. Tsutaya Juzaburo, wanda ya rasu a 1797, shi ya fito da masu zane Utamaro da Sharaku, kuma ba mai zane ba ne, ɗan kasuwa ne mai ido.

Aikin kansa yana da ban sha'awa. Mai zane zai yi zanensa da baƙar tawada a takarda marar kauri. Masassaƙi ya kifa takardar a kan allon itacen ceri na dawa, ya manna ta, ya bi layi da wuƙa yana cire duk inda ba zane, har layukan su rage a tsaye. A nan zanen asali ya ƙare, wuƙa ta cinye shi. Daga wannan allo na farko ake buga kwafe-kwafe, mai zane ya nuna a kan kowanne inda ja zai zauna, inda shuɗi, inda toka-toka, sai a sassaƙa wa kowane launi nasa allon. A gefen kowane allo akwai 'yan tsage biyu, ɗaya a kusurwa ɗaya a tsaye, suna ce musu kento, nan ake dafa bakin takarda don kowane launi ya sauka a mazauninsa. Da wannan dabara ce aka fara hotuna masu launi da yawa a 1765, a hannun Suzuki Harunobu.

Babu injin matsi. Mabugi yana zaune a ƙasa, ya shafa launin da aka dama da ruwa a kan allo, ya ɗiga talgen shinkafa, ya baza da burushi, ya ɗora takarda mai ɗan laima, sannan ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora, wanda suke kira baren. Takardar daga ɓawon bishiyar kozo ake yin ta, tana da dogon zare, shi ya sa take jure murza sau goma ko ashirin ba ta yage ba. Launin kuma ba a saman takarda yake tsayawa ba, cikinta yake shiga, har ana ganinsa ta baya. Bugu na farko yakan kai kwafi 200. Idan kasuwa ta karɓa sai a yi ta ƙarawa har katako ya cinye, layuka su yi kauri, mabugi ya fara tsallake wasu launuka don sauri. Saboda haka masu saye a yau suke bambanta bugun farko da na baya, kamar yadda 'yar kasuwa ke bambanta Holan da wanda aka kwaikwaya.

To ina dusar ƙanƙarar? A nan gwanintar take. Mafi yawanta ba a buga ta ba sam. Farin da ke kan rufi da rassan bishiya da lemar mai tafiya, takardar ce tsurarta. Masassaƙi ya cire wurin daga kowane allo, komai yawansu, don kada launi ya taɓa shi. Ɗigon da ke saukowa daga sama kuwa, rami-rami ne ya tona a allon da zai buga sararin samaniya, ɗaya bayan ɗaya, wasu manya wasu ƙanana don ido ya ji kusa da nesa. Wani lokaci akan yayyafa farin garin ƙumbar teku a sama, wani lokaci a danna takardar a kan allo marar launi ta yi tudu-tudu. Sai kuma bokashi, inda mabugi zai jiƙa gefen allo da tsumma kafin ya shafa launi, ta yadda sama za ta fara da duhu ta yi ta washewa har ta ɓace. Wannan ba ya cikin katako, yana hannun mabugi, kuma sai ya maimaita shi a kowane kwafi.

Marinin Ƙofar Mata ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Matan da ke ɗaure farin yadi da zare kafin a kai karofi, abin da suke yi ke nan: suna tsare wurin da baba ba zai shiga ba. Atamfa ma haka. Ana buga kaki ko ƙaro a kan farin yadi ciki da bai, a tsoma a shuɗi, duk inda kakin ya zauna ya fito fari, inda ya tsage kuma rini ya kutsa ya bar waɗannan siraran jijiyoyi da ake so. A ra'ayina wannan ce babbar zumuntar da ke tsakanin sana'o'in biyu. Dukkansu aikin mutumin da ya san inda zai hana launi zuwa ne, kuma dole ya yanke wannan shawara tun kafin a jiƙa komai, don ba a mayar da fari bayan ya tafi.

Jar ƙofa a cikin fari

Japan tana da wuraren ibada iri biyu da sukan zauna kusa da juna: na Shinto, addinin gargajiyarsu, waɗanda ake ganewa da wata ƙofa marar bango mai suna torii, da kuma na mabiya Buddha. Mai karatu Musulmi zai iya jin wani iri, kuma hakkinsa ne. Abin da ya kamata a sani shi ne masu sayen waɗannan hotuna ba don bauta suke saye ba. Wuraren nan su ne filayen haɗuwar gari, nan ake bukukuwa, nan ake shan iska, kuma hanyar shiga babban wurin ibada na Asakusa har gobe layin shaguna ce. Mai zane yana son su ne saboda ja. A garin da gidajensa na katako ne masu launin toka, ƙofofin nan da aka shafe da jan fenti su ne abin da ke tsayawa a ido idan fari ya rufe komai.

Utagawa Hiroshige, wanda aka haifa a 1797 a gidan jami'in kashe gobara, shi ne sarkin wannan fage. Wajen 1834 ya zana wurin ibadar Gion na Kyoto, mata da lemominsu a gaban ƙofa, dusar na sauka. A kusan lokacin ne ya fitar da Kanbara da dare, ɗaya daga cikin zangunan hanyar Tokaido, ƙauye shiru da mutum uku sun sunkuya cikin sanyi. Kanbara gari ne na bakin teku da dusar ƙanƙara ba ta cika sauka ba, amma hoton ya zama ɗaya daga cikin mafiya shahara a aikinsa. Ya san abin da mai saye ke son ji a jikinsa, ya ba shi.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne na Asakusa, cikin jerin wurare ɗari na Edo da ya fara a 1856. Mai kallo yana tsaye a cikin ƙofar waje. Wata ƙatuwar jar fitilar takarda ta rataya daga sama, hoton bai ma ɗauke ta duka ba, jan gefen ƙofa ya tsaya a hagu, can gaba kuma wata ƙofar da hasumiya mai hawa biyar, duk sauran fari ne fat. An fitar da hoton a wata na bakwai, tsakiyar zafi. Watanni kaɗan kafin nan, a ƙarshen 1855, girgizar ƙasa ta kashe dubban mutane a Edo, ta lanƙwasa tsinin wannan hasumiya, kuma a 1856 ɗin aka gyara shi. Ja da fari a wurin Japanawa launin murna ne. Masana da yawa suna ganin hoton albishir ne aka yi wa mutanen gari cewa Edo ta miƙe. Hiroshige ya rasu a 1858 lokacin annobar kwalara, jerin kuwa ya wuce ɗarin da aka yi niyya saboda kasuwa ta karɓe shi. A 1887 mai zane Van Gogh ya zauna a Faris ya kwaikwayi biyu daga ciki da fentin mai.

Har shuɗin da ke cikin hotunan yana da nasa labarin kasuwa. Japanawa marina ne na gaske, suna noma irin tasu babar, lardin Awa ya yi suna a kanta. Amma wajen 1830 wani shuɗi da aka haɗa a Berlin ta Jamus ya shigo musu da araha, ba ya koɗewa da wuri, yana kuma karɓar bokashi da kyau. Masu shaguna suka rungume shi nan take, kuma da shi aka buga shahararren hoton igiyar ruwa na mai zane Hokusai, wanda kwafinsa guda ya haura dala miliyan 2.7 a gwanjon New York a 2023. Kano ma ta ga irin wannan baƙo bayan da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta a 1897. Bambancin shi ne can baƙon launi ya shiga hannun masu sana'a ya ƙara musu ƙarfi, nan kuwa ya taho tare da yadin da aka riga aka rina.

Yadda Kwari ta zama ta kayan wasu

A 1851 Heinrich Barth, wanda Kanawa suka sani da Abdulkarim, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke saƙawa ta rina suna kawo mata wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Turkuɗi da rawanin ɗan Kura da kore mai ƙyalli da ta sha bugu, duk kayan gida ne, daga auduga har baba. Kurmi ce kasuwarsu. Kantin Kwari ta zo daga baya, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, inda 'yan Labanan da Siriya suka kafa kantuna a gefen Fagge, shago a gaba gida a baya, suna sayar da yadin da ya hau jirgin ruwa. Sannu a hankali yaran shagonsu da abokan cinikinsu Hausawa suka gaji wurin, har ta zama abin da take yau, inda ake sari daga Maraɗi da Damagaram da Chadi da Kamaru.

Atamfar da ta cika ta ita ma baƙuwa ce mai dogon zango. Asalinta batik ne na tsibirin Java a Indunusiya, wanda mata ke zanawa da narkakken kaki. Turawan Holan suka nemi yin sa da inji, mutanen Java ba su so ba saboda tsage-tsagen da ke fitowa, amma a gaɓar Afirka ta Yamma tsagen nan shi aka so. A shekarun 1890 wani ɗan kasuwar Glasgow, Ebenezer Brown Fleming, ya fara kawo ta ƙasar da ake kira Gana a yau. Daga nan ta bazu.

Japan ma ta shiga wannan ciniki, abin da matasan 'yan Kwari da yawa ba su taras ba. A farkon shekarun 1930 yadinta mai araha ya matsa wa masaƙun Ingila lamba har a 1934 Turawan mulki suka ƙayyade yawan wanda zai shigo Najeriya da sauran ƙasashensu na Afirka ta Yamma. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta dawo, kuma a Kyoto, garin da Hiroshige ya zana, kamfanin Daido-Maruta ya yi shekaru yana buga atamfa musamman don kasuwannin Afirka. Da gwamnatin Najeriya ta fara takura kayan Japan a shekarun 1960 saboda giɓin ciniki, sai manyan kamfanonin zare guda goma na ƙasar suka haɗa jari suka zo Kaduna, aka buɗe Arewa Textiles a 1965. Ta tarar da masaƙar KTL, wadda Sardauna ya assasa tare da kamfanin David Whitehead na Ingila a 1957, da kuma UNTL ta Cha Chi Ming da aka kafa a 1964. A Kano kuma daga baya aka sami Gaskiya Textiles da wasu a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Akwai lokacin da mai shago a Kwari zai karɓi dilar da aka noma audugarta a Funtuwa, aka saƙa aka buga a Kakuri.

Sauran labarin sananne ne. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, fasa-ƙwauri ta Kwatano da Maraɗi. KTL ta tsaya a 2002, Arewa ta bi baya, UNTL ta rufe a 2007. Yau mafi yawan abin da ke kan kantocin Unity Road a Kwari daga Caina yake, irin su Hitarget ta birnin Qingdao. A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan Caina 45 a kasuwar bisa zargin cinikin da doka ba ta ba su dama ba, a 2015 kuma marinan Kano suka fito zanga-zanga kan yadin da ke shigowa rinanne.

Ba na cikin masu zagin atamfar Caina. Ita ta sa talaka ya iya haɗa lefe, ita ta sa 'yar makaranta ta iya yin ankon ƙawarta. Hoton Hiroshige ma ai kayan araha ne, kuma arahar ce ta sa ya shiga kowane gida. Abin da ke damuna daban ne. Da masaƙa ta rufe, ba albashi kaɗai aka rasa ba. An rasa ɗakin zane, da mai raba launuka, da mai yanka zane a jikin nadin tagulla, da mai haɗa rini da ya san abin da rana ta Kano ke yi wa kore. Irin wannan sani a hannu yake zama, kuma masu shi suna tsufa.

Ɗan kasuwar da ya ƙi barin katako ya mutu

Japan ta tsaya a irin wannan gaɓa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 kyamara da injin ɗab'i na Turai sun ƙwace aikin masassaƙa da mabuga. Tsofaffin hotuna suna ta fita zuwa Faransa da Amurka, sababbi kuwa ba mai yi sai na banza. Wanda ya tsaya a nan ba gwamnati ba ce, ba kuma mai zane ba. Watanabe Shozaburo, haifaffen 1885, mai sayar wa Turawa tsofaffin hotuna ne. Ya lura cewa haja tana ƙarewa alhali masu iya yin ta suna nan da rai ba aiki. Wajen 1915 ya fara neman matasan masu zane yana haɗa su da waɗannan tsofaffin hannuwa, da sharaɗin a zana Japan ta lokacin, a yi aiki mai tsada ba na gaggawa ba. Aka kira tafiyar shin-hanga, wato sabon bugu.

Babban abin da ya samu shi ne Kawase Hasui, ɗan wani mai sana'ar zaren siliki a unguwar Shiba ta Tokyo, haifaffen 1883. Ranar 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo ta suka cinye shagon Watanabe da allunansa, suka cinye gidan Hasui da littattafan zanensa 188. Duk ɗan Kwarin da ya ga gobarar 2010 ko ambaliyar Agustan 2022 ya san abin da ake nufi da mutum ya wayi gari ba haja. Watanabe ya ba Hasui guzuri ya tura shi yawon zane, suka soma daga tushe.

Shekara biyu bayan haka, a 1925, suka fitar da hoton da ya fi kowane nasu kasuwa: ƙofar wurin ibadar Zojoji a Shiba, unguwar da aka haifi Hasui. Jar ƙofa ta cika hoton, reshen bishiya ya yi nauyi da dusa, mace guda ta karkata lemarta tana fuskantar iska. Ya ci gaba da komawa ga irin wannan: wurin ibadar Hie a 1931, jar ƙofar Itsukushima da ke tsaye cikin teku a 1932. Aka baje kolin aikinsu a gidan tarihin Toledo na Amurka a 1930 da 1936. A 1953 gwamnatin Japan, don ta adana yadda ake sana'ar, ta sa Hasui ya yi wani hoton Zojoji cikin dusa, aka rubuta kowane mataki, aka murza takarda guda sau 42 kafin ta kammala. Ya rasu a 1957 da hotuna sama da 600. Shagon Watanabe yana nan a Ginza har yau a hannun zuriyarsa.

Akwai wani amfani da hotunan suka yi wanda ba a yi niyya ba. Ƙofar Zojoji, wadda aka gina a 1622, ta tsira daga bama-baman 1945, amma babban ɗakin da ke bayanta ya ƙone, haka ma na Asakusa da hasumiyarsa. Yawancin Tokyo da Hiroshige da Hasui suka gani babu ita yanzu sai a takarda. Mu ma muna da abin da ke tafiya a gaban idonmu. Ganuwar Kano ana ta yanka ta ana gini, an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, kududdufai ana cike su. Muna kuma da namu farin. Duk wanda ya tsaya a kan Dala da safiyar hunturu, hazo ya shafe Goron Dutse, hasumiyoyin Masallacin Sarki suna leƙowa daga cikin ƙura, ya ga abin da mabugin bokashi zai so ya gwada hannunsa a kai. Ga shi kuma zane ne na gini da sarari, ba siffar mai rai ba, balle a ce mai saye za ta yi shakkar yin salla da shi, kamar yadda wasu ke guje wa atamfa mai tsuntsu ko kifi. Amma a dilolin Kwari za a tarar da fanka da agogo da jaka da fure iri-iri, za a tarar da fuskar ɗan takara idan zaɓe ya ƙarato, da wuya a tarar da Kano.

Alhali ikon yana hannun 'yan kasuwar. Babban ɗan Kwari na yau ba mai jiran abin da aka aiko masa ba ne. Shi ke zaɓen zane, ya ce a sauya launi, ya tura ta waya, ya biya kuɗin kwantena, a buga sunan da ya zaɓa a bakin yadi. Wannan shi ne matsayin Tsutaya da Watanabe sak. Matan Lome da ake kira Nana Benz sun riƙe irinsa tun shekarun 1960, suna mallakar zane su kaɗai daga masana'antun Turai, su raɗa masa suna, har suka zama attajiran Togo. Abin da Watanabe ya ƙara a kai shi ne ya dubi masu sana'ar da ke kusa da shi, ya yarda cewa akwai mai sayen da zai biya ninki don aikin hannu, ya je ya nemo shi har ƙetare.

Ba ina cewa bugun hannu zai maye gurbin kwantena ba. Bai yi haka a Japan ba, jaridu da littattafai sun ci gaba da fita daga inji. Wani layi ne daban, ƙarami mai daraja, irin wanda Kanawa ke biya ba gardama idan aikin hannu ne a wuyan babbar riga ko hular da aka yi wata ana ɗinkawa. Kuma sauran mutum ukun suna nan. Sashen zane-zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana yaye masu zanen yadi kowace shekara. Masu zanen ƙwarya da masassaƙan allo da masu yanka hatimi sun san wuƙa. Karofin Ƙofar Mata, waɗanda ake danganta kafuwarsu da 1498, tafiyar ƙafa ce daga Kwari, da yawansu kuma a bushe suke.

Watanabe yana da shekara 30 lokacin da ya fara. Hasui ya zo masa a 1918 yana da 35, bayan iyayensa sun daɗe suna tsare shi a shagon zare, wani malamin zane ma ya taɓa mayar da shi don ya ga ya girma da fara koyo. Hotuna uku Watanabe ya fara buga masa, na yankin Shiobara inda Hasui ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a wurin gwaggonsa. Da suka sayu, sai ya ba shi aikin jeri na gaba.